Karatun Ƙafa a Layi na Biyu

Belmullet,
9 ga Maris

Gwaggo Nuala,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ni ce Dervla, 'yar Malachy Lavelle ɗan kawunki. Sau ɗaya kika taɓa ganina, a bikin auren Teresa, ina 'yar shekara bakwai, kika dubi ƙafata kika ce takalmin ya yi mini kaɗan. Baba ya ce kunnenki ya yi nauyi, ba kya ɗaukar waya, shi ya sa na nemo biro da takarda kamar mutanen da.

Mu nan lafiya, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Baba na fama da gwiwa, ga tumaki sun fara haihuwa. Kaka ce abin ya fi taɓawa. Ciwon suga ya sauka a ƙafarta ta hagu, gyambo ya buɗe a ƙarƙashin babban yatsa tun kafin Kirsimeti. Ni nake wankewa in ɗaure safe da yamma, don tun rasuwar Mama babu wata mace mai ƙarfi a gidan sai ni. Ina ɗaurewa tana zagina, wai hannuna na mahauci ne, in na gama kuma ta ce kada kowa ya taɓa mata sai ni.

Ga abin da ya sa na rubuto. Aikinki nake so in karanta, likitancin ƙafa. Mai duba ƙafa sau ɗaya take zuwa mana daga Castlebar a wata uku. Maƙwabcinmu Packie Barrett yana cikin jiran zuwanta aka yanke masa yatsu biyu. Tun daga ranar na sa abin a raina.

Matsalar maki ce. Wuri ɗaya ake koyar da shi a duk ƙasar, a Galway, kuma waɗanda suke ɗauka ba sa kai mutum talatin a shekara. Bara sai mai maki ɗari huɗu da hamsin da biyar ya shiga. Ni kuwa a jarrabawar gwaji ta watan jiya ɗari uku da sittin na samu. Kemistiri ne ya kayar da ni. Babbar jarrabawa sai Yuni. Takardar neman gurbi layi goma gare ta, na sa Galway a layi na farko, digirin kasuwanci na Castlebar a na biyu don Baba ya samu natsuwa. Ana iya canza jerin har ranar ɗaya ga Yuli, ƙarfe biyar da kwata na yamma.

Ke kaɗai ce a dangi kika san aikin nan. Don Allah ki gaya mini gaskiya, ina da rabo? Kuma in ba takura, zan so in zo asibitinku in yi mako guda a hutun Ista, ko kujera ce in zauna in kalla.

'Yarki,
Dervla

Leeds,
17 ga Afrilu

Dervla,

Takardarki ta iso, na gode da gaisuwa. Ina nan lafiya gwargwado. Kunne ya tafi, baya ya sunkuya, yatsun hannu kuma in sanyi ya shigo sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su riƙe almakashi. Ki gaishe mini da Kaka. Shi kuwa ubanki ki ce masa ya rage tumbi, gwiwar za ta huta.

Maganar Ista ta wuce, don sai da na yi wata guda ina juya takardarki kafin zuciyata ta sauka. Shekara talatin da ɗaya ina garin nan, ban taɓa samun komai daga gidan Lavelle ba sai katin Kirsimeti da suna a ƙasa. A bikin nan da kika tuna, ubanki ya sha ya yi tatil, ya miƙe da kofi a hannu ya ce a tafa wa likitarmu mai yanke wa mutanen Ingila farce. Duk teburin aka kwashe da dariya, har da Fada, limamin coci. Yau ga 'yarsa tana neman yankan farce. Ikon Allah!

Kin ce in gaya miki gaskiya, to ga ta, kuma ɗaci gare ta. Ba ki da rabo. Maki casa'in da biyar ne tsakaninki da ƙofar, wata biyu ya rage, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa gani yake aikinmu na wanda likitanci ya ƙi ne, a goge kaushi a shafa wa faso mai a tashi. Za ki haddace ƙasusuwan ƙafa da jijiyoyinta da magunguna, ki yi allurar kashe zafi, ki cire farcen da ya shige nama hannunki bai yi rawa ba. Wadda kemistirin sakandare ya kayar, yaya za ta yi da wannan? Wanke gyambon kaka ba shi ne karatu ba.

Yanzu ki saurara. Sau huɗu ina zama a kwamitin ɗaukar ɗalibai a nan, na san halin makarantu. Babu wadda take son a mai da ita ta biyu. In Galway ta ƙi ki, kuma za ta ƙi ki, kafin ki waiwayo Castlebar ta cika da waɗanda suka sa ta a gaba, ki tashi ba tsuntsu ba tarko. Ki mai da kasuwancin layi na farko. Ƙafar ki bar ta a na biyu in kina son ki riƙa kallonta. Na san ba za ki ji ba, jinin Lavelle ne, shi ya sa na rubuta wa ubanki tasa takardar dabam.

Maganar Kaka kuma. Kada ki jiƙa ƙafar a ruwa, kada ta kusantar da ita ga murhu, don ba za ta ji ƙuna ba. Kullum ki sa hannu cikin takalminta kafin ta saka. In wurin ya fara baƙi ko wari, a ranar za ku tafi asibiti, ba a jiran kowa.

Gwaggonki,
Nuala

Belmullet,
6 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa, tunda an koya mini gaisuwa. Gyambon Kaka ya fara haɗewa daga gefe. Na bi abin da kika ce, kuma wannan kaɗai nake gode miki. Gwiwar Baba na nan yadda take.

Haba Gwaggo! Ni na tambaye ki, me ya kai ki wurin Baba? Takardarki tana aljihunsa har ta yi laushi. Ya karanta wa mai kawo wasiƙa, ya karanta a ƙofar coci, ya karanta a kasuwar tumaki. Yau duk Belmullet babu wanda bai san ɗari uku da sittin ba. Matar kantin burodi ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, alhali ko zama jarrabawar ban yi ba.

Kuma abin da kika gaya masa ba haka yake ba. Can Ingila ban san yadda kuke yi ba, amma nan babu kwamiti, babu hira, babu wanda zai ga fuskata. Malama Tierney mai ba mu shawarar karatu ta faɗa har muryarta ta dushe: makarantu ba sa ganin layin da ka sa su. Na'ura ce take rabawa. Za ta ɗauki makinka ta fara daga layin farko. In ya isa, ta ba ka wannan, ta share duk abin da ke ƙasa, kuma ba a dawowa. In bai isa ba ta sauka na biyu, a can kuma daidai kake da wanda ya sa wurin a farko, maki kawai ake dubawa. Ke nan barin Galway a sama ba ya rage ni da komai. Amma in na ɗora Castlebar a kai, wadda ɗari uku ma ta ishe ta, to ko ɗari shida na ci Castlebar za a ba ni.

Sau uku ina yi wa Baba bayanin nan, har da cokula na jera masa a kan tebur. Ya ce Malama Tierney shekararta ashirin da takwas, ke kuwa kin zauna a kwamiti. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na san abin da ke cinsa. 'Yan ajin da suka gabace mu rabinsu suna Ostireliya, gani yake in na rasa gurbi jirgi zan bi. Tsoron nan yana ransa shiru, ke kika zo kika ba shi baki.

Ni me na yi miki? Ina shekara bakwai aka yi bikin nan, ina ƙarƙashin tebur ina cin kek. Fushin shekara goma sha ɗaya kika tara kika sauke a kaina. Kina ƙorafin kati, to da Mama ta rasu ke me kika aiko? Kati, da suna a ƙasa. Shekara talatin kina sunkuye kan ƙafafun mutane har kin manta yadda ake kallon fuska. In dai abin da aikin yake mai da mutum ke nan, wataƙila Baba bai yi nisa da gaskiya ba a bikin.

Ban ce zan ci maki ba. Ina tashi biyar na asuba, Malama Tierney ta haɗa ni da wani tsohon malamin kemistiri ranar Asabar. Amma ko zan faɗi, a bar ni in faɗi da kaina. Ki tambayi duk wani ɗan ƙasar nan da ya yi jarrabawar kwanan nan, suna da yawa a Leeds. Sannan ki rubuta wa Baba ki janye maganarki kafin ɗaya ga Yuli. Ke kaɗai zai ji.

Dervla

Belmullet,
1 ga Yuli

Gwaggo,

Da fatan kina lafiya, tunda ba mu da hanyar sani. Mako takwas kullum ina tsare mai kawo wasiƙa a bakin hanya, har ya fara ɗaga mini hannu daga nesa alamar babu. Kaka lafiya, ta ƙone kyandir goma sha ɗaya tana addu'a saboda jarrabawata, ɗaya ya kusa cin labule.

An gama jarrabawa. Sauran darussan ba laifi. Kemistiri kuwa na fito na zauna a bayan ɗakin taro na yi kuka, tambaya guda ban ko taɓa ta ba. Kuskurena da na gaya wa Baba.

Tun ranar bai bar ni na sha ruwa ba. Ba ya faɗa, da faɗa yake yi da na iya da shi. Zama yake ya tura abinci gefe ya ce ba ya jin yunwa. Yau da rana ya dawo daga gona ko takalmin roba bai cire ba, ya zauna ya shimfiɗa takardarki a kan tebur. Ya ce, "Dervla, ke da bakinki kika ce kin faɗi." Na ce ban ce na faɗi ba, cewa na yi bai yi kyau ba. Ya ce, "In da Nuala ta yi kuskure da ta rubuto. Kin ce ta bincika, ta bincika, ta yi shiru. Me shirun yake nufi?" Ni ma sai na fara cewa anya, ko akwai abin da manya suka sani wanda Malama Tierney ba ta sani ba?

Sai ya ce, "Uwarki ta bar mini ke, kada ki sa in zuba ido ki tashi a tutar babu." Idonsa ya kawo ruwa. Ban taɓa ganin haka ba ko a ranar jana'iza.

Ƙarfe huɗu da minti goma na buɗe kwamfuta, yana tsaye a kaina. Castlebar ta hau layi na farko, Galway ta sauko na biyu, inda kika ce in riƙa kallonta. Ya dafa kaina ya fita wurin tumaki, da yamma ya ci abinci har da ƙari.

Kin yi nasara. Ina fata ta yi miki daɗi.

Dervla

Leeds,
24 ga Yuni

Dervla,

Ina lafiya, da fatan kuna lafiya, da fatan kuma an gama jarrabawa lami lafiya.

Akwai wata yarinya Clodagh, 'yar Sligo ta can ƙasarmu, da ta fara aiki da mu bana. Yau wajen shan shayi na tambaye ta maganar layi. Yadda kika faɗa haka yake, ba ragi ba ƙari. Ta ce kowace shekara sai an sami wanda iyaye suka kai shi suka baro da irin shawarata.

Ki bar Galway a layi na farko. Ki nuna wa ubanki wannan takarda, ki ce ni na ce ya yaga waccan. Har yanzu ban ga yadda za ki ci makin ba, amma wannan wata magana ce dabam.

Sauran abin da kika rubuta ba zan tanka ba.

Nuala

Belmullet,
4 ga Yuli

Gwaggo,

Muna lafiya. Takardarki mai cewa in bar Galway a sama ta iso yau, kwana uku da rufe ƙofa. Ihu bayan hari. Na miƙa wa Baba ya karanta a tsaye, ya ninke ta. Ko oho, tunda ku duka kun ce ba zan ci ba.

Dervla

Belmullet,
19 ga Agusta

Gwaggo Nuala,

Kaka lafiya, gyambon ya rufe. Baba lafiyar jiki. Ni kada ki tambaya.

Sakamako ya fito ranar Laraba. Ɗari huɗu da hamsin. Ki sake karantawa, ɗari huɗu da hamsin! Kemistirin da na yi wa kuka ma na haye shi da kyau. Malama Tierney ta rungume ni a gaban kowa tana tsalle, ta ce Dervla, in makin Galway ya ɗan sauko bana kin shiga. Na kasa gaya mata abin da na yi. Sai da ta ga fuskata ta ce, "Me kika taɓa?" Da na faɗa mata sai ta zauna a kan matakala ta riƙe kai.

Kwana biyar ina roƙon Allah abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba, wai makin Galway ya hau sama ya wuce ni, don in ce dama ba rabona ba ne. Yau da safe aka raba gurbi. Galway ta tsaya a ɗari huɗu da arba'in da biyar. Na wuce da maki biyar. Kujerata ce, na ci ta da gumina, ta leƙo ta koma. Abin da aka aiko mini shi ne ana taya ni murna na sami zaɓina na farko, kasuwanci a Castlebar. Zaɓina!

Baba ya ce a buga waya a roƙe su. Na ce wa za a roƙa, na'ura? Bai yarda ba. Ya sa rigar coci ya tafi ofishin ɗan majalisarmu, wanda ya taɓa sa aka gyara mana hanya. Mutumin ya ba shi shayi ya ce ko 'yarsa ce ba abin da zai iya. Daga nan ya wuce wurin Fada. Ya dawo ya tsaya a ƙofar kicin da hula a hannu ya ce, "Na cuce ki." An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Amma shi jahilci ne da tsoro, kuma a gabana ya yi nasa. Ke fa? Ɗazu na ɗauko takardarki ta ƙarshe don in yaga, sai idona ya faɗa kan ambulan. A ciki kin rubuta ashirin da huɗu ga Yuni. Hatimin gidan waya na Leeds ya ce biyu ga Yuli. Wasiƙa daga wurinku kwana biyu take yi, in ta daɗe uku. Da kin jefa ta ranar da kika rubuta, da tana hannun Baba kwana huɗu kafin ya zaunar da ni. Ko ita Clodagh ɗin kika sa ta buga mana waya, minti ɗaya ya isa.

Ina takardar nan ta kwana har kwana takwas? Kada ki ce mini gidan waya. Tambaya ɗaya ce, kuma wannan karon ma gaskiya nake so.

Dervla

Leeds,
22 ga Agusta

Dervla,

Na gode wa Allah da ƙafar Kaka ta rufe, aikin hannunki ne. Ni ina nan. Ban iya zuwa aiki jiya ba.

Ba gidan waya ba ne. A jakata ta kwana.

Ranar da na rubuta na liƙa mata kan sarki. Akwatin wasiƙa yana bakin layinmu, sau biyu nake wuce shi kullum. Sai in sa hannu a jaka in taɓa ta, sai maganarki ta dawo mini, wai ubanki bai yi nisa da gaskiya ba, sai in cire hannuna in ce gobe. Na san ranar rufewa, sau biyu kika rubuta mini ita. Na riƙa gaya wa kaina yarinyar da ta iya zagina haka ba mai tanƙwaruwa ba ce, ba za ta canza komai ba, ba ta bukatar takardata. Zafin kalamanki na gani, ban ga cewa roƙona kike yi ba. Yanzu da na sake karantawa, a fili kika rubuta: ke kaɗai zai ji.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma tunda gaskiya kika nema ba zan rage ba. Ba mantuwa na yi na tuna ranar biyu ga wata ba. Na bari ne ranar ta wuce. Ban so Malachy Lavelle ya zauna a kicin ɗinsa da takardata a hannu yana cewa mai yankan farce ta yi kuskure, a lokacin da maganar take da amfani. Da ta zama ba ta da amfani sai hannuna ya saki. Shekarata hamsin da tara, na yi wa 'yar shekara goma sha takwas haka saboda dariyar teburin biki. Tir da ni.

Na ce ba ki da rabo, kin ƙaryata ni da maki casa'in. Ban taɓa ganin ɗalibar da ta yi haka ba, kuma na ga ɗalibai.

Ki zo Leeds. Akwai ɗaki babu kowa a ciki. Makarantun nan suna hira da mutum, suna duba wanda ya taɓa riƙe ƙafar mara lafiya, kuma na san mutane a biyu daga cikinsu. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta wa ubanki yau na gaya masa duk abin da na gaya miki, don kada ya ɗauki kayan shi kaɗai. Ki yafe mini in kin iya.

Gwaggonki,
Nuala

Belmullet,
27 ga Agusta

Gwaggo,

Muna lafiya. Takardunki biyu sun iso tare. Baba ya karanta tasa sau ɗaya ya jefa a murhu, wannan karon bai kai ta kasuwa ba.

Ba zan zo Leeds ba. Ba na son kujerar da aka roƙar mini, ina da wadda na ci.

Jiya ƙarfe biyar da kwata wa'adin karɓar Castlebar ya cika. Na zauna a gaban kwamfuta ina kallon agogo har ya wuce, ban taɓa komai ba. Baba yana tsaye a ƙofa. Yanzu ba ni da gurbi ko'ina, abin nan da kuka yi ta gudu. Gidan kula da tsofaffi na garinmu sun ɗauke ni aiki daga Litinin.

Makina ba ya ruɓewa, zan sake nema da shi baɗi. Malama Tierney ba ta ɓoye mini ba, Galway na iya hawa ta wuce ɗari huɗu da hamsin, in ta hau kuwa shi ke nan, maki biyar ba katanga ba ce. Na ji, na yarda. In an buɗe neman gurbi layi ɗaya zan cike, sauran taran su zauna babu komai.

Kin ce in yafe in na iya. Ban iya ba tukuna, shekara guda kika ci mini, wataƙila ma fiye. Duk da haka ki riƙa rubutowa, Kaka na tambayarki. Amma ranar da kika rubuta, ranar za ki jefa.

Dervla